Diyyar Wanda Ya Naƙasa a Bakin Aiki

Wurin karatu: Fitowa 21:18, 19, 26, 27.

Da wuya a sami ekklesiyar da ba ta da mutum ɗaya ko biyu waɗanda dā su kan fita aiki da sassafe, yanzu kuwa suna zaune a gida. Wani birkila ne, ya faɗo daga bisa gini, ƙashin bayansa ya taɓu. Wani injin niƙa ya cinye masa yatsu. Wata malama ce, tana kan hanyar zuwa makaranta mota ta buge ta. Mun je gaisuwa, mun yi addu'a, Zumuntar Mata sun kai tsaba da sabulu. Bayan wata biyu ko uku sai ƙafa ta ɗauke. Albashi ya tsaya, yara suka bar makaranta, matar gida ta soma sayar da kwanoninta ɗaya ɗaya. In ka tambayi mutumin ko ya nemi diyya, sai ya ce, "Wace diyya kuma? Abin da Allah ya kawo ke nan."

Saboda irin wannan ɗan'uwa mu ke yin darasin wannan wata. Akwai doka a Nijeriya wadda ta tanada wa ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aikinsa kuɗin zaman gida da na magani. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin labarinta ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Dokar nan tana da ƙa'idodi, tana da kwanaki ƙidayayyu. Wanda ya bar kwanakin suka wuce yana iya rasa hakkinsa, ko da rauninsa a fili ya ke kowa yana gani.

Abin da Musa ya koya

Mu fara da wurin karatunmu. Mutum biyu sun yi faɗa, ɗaya ya bugi ɗayan da dutse ko da dunƙulen hannu. Wanda aka buga bai mutu ba, amma ya kwanta. Daga baya ya tashi yana dogara sanda. Shari'a ta ɗora wa wanda ya yi bugun abu biyu: ya biya kwanakin da ɗan'uwansa ya yi bai yi aiki ba, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa har ya warke sarai. A aya 26 da 27 an ci gaba har kan bawa. Ubangidan da ya lalata idon bawansa, ko ya fitar masa da haƙori, lalle ne ya sake shi ya tafi ɗa.

Gaskiya ne maganar faɗa a ke yi a nan, ba a ambaci injin ko tsani ba. Duk da haka mu lura da yadda Allah ya dubi jikin talaka. Ƙarfin mutum shi ne jarinsa. Ranar da ya kwanta, ba zafin ciwo kaɗai ya same shi ba, har tukunyar gidansa ta sauka daga murhu. Domin wannan shari'a ta lissafta kwanakin da suka ɓace, ta sa a biya su. Ba a bar abin ga tausayin wanda ya yi ɓarna ba, in ya ga dama ya bayar, in bai ga dama ba ya ƙi. Bashi ne a wuyansa.

Waɗansu masu-bi suna jin kunyar neman irin wannan kuɗi. Sun karanta a 2 Tassalunikawa 3:10 cewa malalaci ba shi da rabo a abinci, sai su ga kamar su a ke nufi. A'a. Bulus yana magana a kan wanda ya ƙi aiki alhali yana da ƙarfi. Tsakanin ƙi da kasawa akwai tafiya mai nisa. Waɗansu kuma suna cewa mai-bi ba ya jayayya a kan abin duniya, sai ya yi haƙuri. Haƙuri yana da kyau, amma mu tuna da Bulus ɗin nan sa'ad da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima. Ya buɗe baki ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a bulali ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, nan take aka janye (Ayukan Manzanni 22). Bai zagi kowa ba, bai ta da hankali ba, hakkinsa kawai ya ambata a kan kari. Da ya bari sai an gama bulalar, me maganarsa za ta amfana?

Dokar 2010

Tun zamanin Turawa akwai dokar diyyar ma'aikata a ƙasar nan. A 1987 aka sabunta ta. A ƙarƙashin wancan tsari ubangidan aiki ne ke biya, sau ɗaya a dunƙule. Wanda ya naƙasa ɗungum a kan ba shi albashin wata 54, shi ke nan an rabu. Kuɗin kuwa ya kan ƙare mutumin yana nan da ransa.

A watan Disamba na shekara ta 2010, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata. Ta kafa asusu guda, ta sa shi a hannun hukumar inshorar ma'aikata wadda a ke kira NSITF. Hukumar nan ba sabuwa ba ce, asalinta asusun ajiyar ma'aikata ne da aka kafa a 1961. Dokar ta ce kowane ubangidan aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya kowane wata. Daga aljihunsa zai fitar, an hana shi ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan. Sa'ad da haɗari ya auku, daga asusun nan a ke biya. Ba a kuma tsayawa neman wanda ya yi sakaci tukuna. Abin da a ke tambaya shi ne, ta wurin aikin nan ne raunin ya zo?

Wane ne ma'aikaci a idon dokar? A nan mutane da yawa su ke fid da kansu tun ba a fid da su ba. Suna tsammani sai mai aikin gwamnati, ko akawun babban kamfani mai takardar kama aiki. Dokar ta fi haka faɗi. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da takarda da wanda aka ɗauka da baki, da mai aikin wucin gadi, da leburan yini, da mai koyon sana'a, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne aka ware, gama su suna da tsarinsu dabam.

Sa'an nan sai maganar raunin kansa. In ya faru a wurin aiki, cikin aikin, maganar a sauƙaƙe ta ke. Amma dokar ta kuma rufe hanya. Wanda haɗari ya same shi tsakanin gidansa da wurin aiki, ko tsakanin wurin aiki da inda ya saba cin abinci, ko inda ya saba karɓar albashi, shi ma yana ciki, in dai ubangidan ya riga ya san wurin. Malamar nan da mota ta buge ke nan. Akwai kuma cututtukan da aiki ke kawowa sannu sannu: ciwon huhu na masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai saboda ƙura, da kurumcin masu yini kusa da injuna masu ƙara, da cutar gubar dalma. Waɗannan sun fi wuyar tabbatarwa, domin ba wanda zai iya nuna ranar da suka fara. Sai da shaidar likita mai ƙarfi.

Kwanakin da ba a wasa da su

Yanzu mun zo wurin da yawancin 'yan'uwanmu su ke faɗuwa. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanad da ubangidansa. In shi ba ya iyawa, wani nasa ya yi a madadinsa. Abin da a ke so a faɗa kaɗan ne: sunan wanda ya ji rauni, da ranar, da wurin, da yadda abin ya faru, cikin magana irin ta kowa. Ubangidan kuma an ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Bayan wannan, takardar neman diyya kanta sai ta shiga cikin shekara 1 daga ranar haɗarin. In akwai wani babban dalili da ya hana, hukuma tana da iko ta karɓa har zuwa shekara 3, amma wannan alfarma ce, kada kowa ya dogara gare ta.

Ku dubi yadda mu kan yi. Mutum ya karye ranar Talata. Kafin Laraba 'yan'uwa sun ɗauke shi zuwa ƙauye wurin maɗori. Can zai yi wata biyu a kan tabarma. Ba mu raina maɗori ba, waɗansunsu sun iya aikinsu ƙwarai. Amma maɗori ba ya ba da takarda, ba ya ɗaukar hoton ƙashi, ba ya rubuta kwanan wata. Ran da mutumin ya komo gari yana ɗingishi, kwana 14 sun daɗe da wucewa, an sa wani a gurbinsa, waɗanda suka ga faɗuwarsa sun watse zuwa wani aiki. Da me zai tabbatar da maganarsa? Dokar ta ce rashin sanarwa yana iya toshe neman diyya. Ta bar 'yar ƙofa, watau in ya tabbata ubangidan ya riga ya sani, ko jinkirin bai cuce shi da kome ba. Amma ga mutum marar lafiya, marar kuɗin mota, shiga ta 'yar ƙofar nan wahala ce babba.

Domin haka shawararmu ita ce, a fara kai mutum asibiti, ko da daga baya za a nemi wani taimako. A roƙi likita ya rubuta abin da ya gani. A rubuta wa ubangidan aiki wasiƙa tun cikin makon farko, a yi ta biyu, ya sa hannu a ɗaya a riƙe. A rubuta sunayen waɗanda ke wurin. Kowane rasit na magani, kowane hoto, kowace takardar albashi, a tara su cikin jaka ɗaya, kada a bar yara su yi wasa da su. Mai ciwo ba zai tuna da waɗannan ba, matarsa ma hankalinta ba ya jikinta. Aikin mai zuwa gaisuwa ne. Cikin mutum goma da za su zauna a bakin gado suna cewa sannu, ashe ba za a sami ɗaya mai alƙalami ba?

Wani ubangida zai kira mai rauni gefe, ya damƙa masa 'yan kuɗi, ya ce ya sa hannu cewa magana ta ƙare. A sani dokar ba ta yarda ma'aikaci ya yafe hakkinsa na diyya ta irin wannan yarjejeniya ba. Taimakon da ubangida ya yi don alheri a karɓa da godiya, amma kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Nawa a ke biya? Likitoci ne ke auna naƙasar. Wanda ya naƙasa ɗungum har abada, kamar wanda ya rasa idanunsa biyu ko jikinsa duka ya shanye, dokar ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. A 2024 aka sa mafi ƙanƙantar albashi a naira 70,000. Mai wannan albashi zai sami naira 63,000 ke nan a wata, alhali abin da ubangidansa ke zubawa dominsa naira 700 ne kacal. Wanda naƙasarsa ta rage masa ƙarfi amma bai kasa gaba ɗaya ba, a kan kimanta abin da ya ragu na samunsa, a biya shi kashi 90 na wannan. Wanda zai warke ya koma aiki, a kan ba shi nasa a dunƙule. Biyan wata wata ba na har abada ba ne. Ga wanda bai kai shekara 55 ba, ya kan ci gaba har ya kai 55, ko har lokacin da dā zai yi ritaya. Hukuma tana kuma da iko ta biya magani, ta ba da ƙafar roba ko hannun roba, ta taimaki mutum ya koyi wata sana'a. In mutumin ya mutu, matarsa da 'ya'yansa suna da nasu rabo.

Wanda aka hana shi, ko ya ga an rage masa, yana da kwana 180 ya rubuta wa hukumar ta sake dubawa. In bai gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ba mu ce hanyar nan a share ta ke ba. Za a yi ta kai da kawowa, za a ce a komo gobe. Inda ubangida bai taɓa yin rajista ba, bai taɓa zuba kome ba, abin ya kan ƙara tsauri. Saboda haka ya kamata mai lafiya ya tambaya tun yau ko an rubuta sunansa.

Sai mu yi gargaɗi ɗaya. Inda kuɗi ya ke, jaraba tana kusa. Wani ya faɗi a gonarsa ran Asabar, ya ce a wurin aiki ne ran Jumma'a. Wani ya warke amma yana riƙe da sanda duk ran da zai je gaban likita. Wani ya nemi dattijon ekklesiya ya shaida abin da bai gani ba. Gehazi ya bi Na'aman da labarin ƙarya domin azurfa da riguna, ya kuwa same su, amma mun san abin da ya biyo baya (2 Sarakuna 5). Asusun nan na masu rauni ne duka. Wanda ya ɗiba da ƙarya, daga bakin wani gurgu ya ƙwace. Mai-bi ya faɗi ciwonsa daidai yadda ya ke, kada ya ƙara. Kada kuma ya rage don nuna jaruntaka, gama mun ga masu ce wa likita "da sauƙi" alhali ba su iya ɗaga buta, likita kuwa abin da ya ji shi ya ke rubutawa.

Waɗanda dokar ba ta kai gare su ba

Ba kowace kasawa ce ke zuwa ta wurin aiki ba. Akwai shanyewar ɓarin jiki, da makanta, da ciwon ƙoda, da taɓin hankali. Ga mai asusun fansho akwai wata hanya. Bisa ga dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, ubangida kashi 10, ba a kuwa taɓa kuɗin sai mutum ya kai shekara 50. Amma wanda ƙwararren likita, ko taron likitoci, ya shaida cewa ba ya iya aikinsa kuma, ko don jiki ko don hankali, an yarda ya yi ritaya ya fara cin kuɗinsa kafin 50. A nan ma takardar likita ce mabuɗi.

To, manomi fa? Da mai tallan ƙosai, da mai faci a bakin hanya, waɗanda ba su da ubangida sai Ubangiji? Su ne mafi yawa a kujerunmu ran Lahadi. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Dokar ta ba su hakkin karatu kyauta har sakandare, ta ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma tanadi takardar shaidar naƙasa. Yana da kyau a nemi takardar. Amma dokar ba ta yanka wa kowa kuɗin wata ba. Jihar Jigawa ce ta yi wani abu irin wannan, sa'ad da ta fara biyan waɗansu naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007. Ga yawancin manoman ƙasar nan, ranar da ƙarfi ya ƙare sai dangi da jama'ar Allah.

Ekklesiya ta fari ba ta yi wannan aiki da ka ba. A 1 Timothawus 5 mun ga tana da littafin sunayen gwauraye mata waɗanda ta ke ciyarwa, da ƙa'idar shiga: shekara 60, da shaidar hali, da rashin dangin da za su riƙe ta. Mai dangi, danginta su ɗauka, domin abin da ke akwai ya isa ga wadda ba ta da kowa. Waɗansu za su ce wannan tsauri ne. Mu dai a ganinmu ƙauna ce mai lissafi, irin wadda ba ta ƙarewa bayan wata uku. Sa'ad da aka yi gunaguni a Urushalima cewa ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabo, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, mutum 7 aka zaɓa aka danƙa musu aikin (Ayukan Manzanni 6). Kowace ekklesiya tana iya zaɓen ko mutum biyu masu iya karatu da rubutu, su san ofishin NSITF mafi kusa, su raka mai rauni, su riƙe kwanan wata. In an sami hakkin birkila daga asusun gwamnati, baikon da dā za a ba shi sai ya tafi ga manomin da ba shi da wata ƙofa.

Da sauran magana ɗaya, ita ce ta fi taɓa mu. Ekklesiya ma ubangidan aiki ce. Muna da maigadi, da mai shara, da direba, da malaman makarantarmu, da masu aikin ɗakin magani. Waɗansunmu suna da yarinya mai aiki a gida, ko yara masu koyon sana'a a shago. Dokar 2010 ba ta ware mu ba don mu masu-bi ne. Yaƙub 5:4 ya yi magana mai zafi a kan masu gona da suka danne hakkin masu girbi. In maigadinmu ya hau gyaran kwanon masujada ya faɗo, me za mu ce wa matarsa? A taron dattawa mai zuwa, a sa ma'aji ya kawo littafin albashi, a lissafta kashi 1 cikin 100 na jimlar, a tambayi sakatare ko an taɓa rubuta sunayen ma'aikatanmu a wurin hukuma. In ba a yi ba, a sa ranar da za a je, a kuma faɗi wanda zai je.